Celeron ɗin ma iri-iri ne: yadda na zaɓo wa Islamiyyarmu ƙananan laftof

Kwamitin Islamiyyar unguwarmu ne ya ɗora mini aikin. Wani bawan Allah ya ba da tallafi, aka yanke shawarar buɗe ajin kwamfuta, ƙananan yara su koyi taifin da Word da Excel, manyan da ke shirin JAMB kuma su saba da amsa tambaya a kan sikirin tun kafin ranar jarrabawa. Kuɗin ba su kai na sababbi ba. Wutar da za a dogara da ita kuwa sola ce, 'yan fanel da batir biyu da ƙaramar inbata, wadda dama ita ke ɗauke da fankoki da lasifikar makaranta. Saboda haka tun a zaman farko aka san inda aka dosa: ƙananan laftof na hannu, masu inci 11, irin waɗanda makarantun Turai da Amurka suka gama da su aka kwaso mana nan. Guda goma ake so na ɗalibai, ɗaya ta malami.

Zuwan farko da na yi Beirut Road, inda ake sayar da kwamfutoci a Kano, ban ɗauki ko sisi ba, littafi da biro kawai. A bakin masu shago, kwamfuta kashi uku ce: Atom, Celeron, sai "Core i". Wani lokaci a saka Pentium a tsakiya, a ɗan ƙara masa kuɗi. Wani matashi mai fara'a ya jero mini guda biyar a kan kanta, na tambaye shi bambancinsu, ya ce, "Malam, ai Celeron duk Celeron ne. In gudu kake so ka ƙara kuɗi ka hau Core i5." Na roƙe shi ya bar ni in kunna su ɗaya bayan ɗaya. A kowace sai in danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, in shiga Performance, in kwafe cikakken sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yadda yake a sama, da yawan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, da irin ma'ajiyar da ke ciki. Sitikar da ke manne kusa da kibod ban kula ta ba, don suna kawai take faɗa, ba ta faɗin lamba. Kafin la'asar shafina ya cika da abubuwa kamar lambar mota: Z8350, N3060, N3350, N4000, N4020, N4120, N5030, 3865U, m3-7Y30, A4-9120e, i5-6300U.

A gida na zauna na bi su ɗai-ɗai a shafin Intel, inda kowace lambar Intel ke da takardarta: shekarar fitowa, yawan kawuna (wato sassan cikin furosesa da ke raba aiki tsakaninsu), gudu, da wat. A nan ne abin ya fara warwarewa.

Kamfanin Intel gida biyu yake ginawa, ba ɗaya ba. Akwai gidan Core, wanda aka tsara don ƙarfi, akwai gidan Atom, wanda aka tsara don tsimin wuta da arha. Atom ya fito a 2008, kuma duk wanda ya riƙe waɗancan 'yan mitsi-mitsin kwamfutoci na wancan zamani, irin su Asus Eee PC da Acer Aspire One, ya san N270: kai ɗaya, 1.6 GHz, wat biyu da rabi. Ya yi suna wajen riƙe caji, ya kuma yi suna wajen nawa. Sunan nawar ya bi shi har ya zame masa tabo. Daga 2013 sai Intel ya fara ɗaukar 'ya'yan gidan Atom yana raɗa musu Celeron da Pentium, yana sa musu harafin N a gaban lamba. Wato Celeron N3060 jikan Atom ne, ba ƙanen Core ba. Shi kuwa Celeron 3865U, mai U a ƙarshe, ɗan gidan Core ne da aka rage wa ƙarfi, yana cin wat 15, galibi kuma da fanka a cikinsa. Suna ɗaya a sitika, asali daban. Haka Pentium: daga 2017 aka raba shi Silver da Gold, Silver na gidan Atom, Gold na gidan Core. N5030 ɗin da ke littafina Pentium Silver ne.

Da na gane wannan sai na sake jera lambobin N bisa shekara, domin a cikin gida ɗaya ma tazarar tana da yawa. N3060 da N3350 duk na 2016 ne, duk kai biyu, duk wat 6, amma ginin cikinsu ba ɗaya ba ne, na biyun sabon zubi ne. A nan akwai ramin da mutane ke faɗawa. In ka duba N3060 za ka ga an rubuta 1.6 GHz, N3350 kuma 1.1 GHz, sai mai shago ya nuna maka da yatsa ya ce ga babbar nan. Alhali lambar farko gudun zaman lafiya ce kawai, dukkansu suna haurawa wajen 2.4 in aiki ya taso. Sannan GHz yawan taku ne, ba faɗin taku ba. Jaki yana iya fin doki yawan taku a minti ɗaya, dokin kuma ya riga shi isa kasuwa. Sabon zubin yana gama aiki mai yawa a kowane taku, shi ya sa mai 1.1 ɗin ke barin mai 1.6 a baya.

Bayan su sai N4000 na ƙarshen 2017, wanda aka ninka masa ƙaramar ma'ajiyar cikin furosesa daga megabayit 2 zuwa 4, abin da ake ji a hannu wajen buɗe shafukan intanet. N4020 na 2019 shi ne dai N4000 ɗin aka ɗan ƙara masa gudu, daga 2.6 zuwa 2.8. Wani abin lura kuma, lamba ta biyu kan tona yawan kawuna. N4020 kai biyu ne, N4120 kai huɗu. N3350 kai biyu, N3450 kai huɗu. Pentium Silver N5000 da N5030 duk kai huɗu. A kasuwa kuwa sau da yawa mai kai biyu da mai kai huɗu kuɗinsu ɗaya, tunda duk "Celeron" aka kira su. Wannan shi ne abu mafi amfani da na tsinta a duk binciken.

Sai maganar Windows, wadda ita ta yanke rabin jerin ba tare da gardama ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma yana da jerin furosesan da ya amince da su. A gidan Core, daga zubi na takwas ne zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. A gidan N, N4000 da na bayansa suna ciki, N3350 da N3060 da Z8350 ba sa ciki. Wato i5-6300U, duk da sunansa mai cika baki, yana waje, ƙaramin N4020 yana ciki. Na san masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a kan kowace kwamfuta, na kuma ga an yi wa da yawa a kasuwar. Yana hawa, yana aiki. Amma kayan makaranta ne da za su shekara da shekaru a hannun mutanen da ba sana'arsu ba ce, ban ga dalilin fara gini a kan dabara ba.

Komawata ta gaba da filashi na tafi. Na zuba takardar Word mai hotuna, da fayil ɗin Excel na sakamakon jarrabawar ɗalibai, da bidiyo mai kyan hoto, da manhajar gwajin JAMB da ba ta buƙatar intanet. Na ce wa matashin nan, "Ɗan'uwa, yau zan ɗan ɓata maka lokaci, amma in Allah ya yarda ciniki ne babba." Ya jawo mini benci, ya aika a kawo mini ruwan leda.

Mai Z8350 na fara da ita, don ita ce mafi arha kuma mafi kyan gani, siririya, fara, ba nauyi. Kai huɗu gare ta, abin da zai iya ruɗin mutum, amma kawunan raunana ne, asali don tablet aka yi su. Ram gigabayit 2, ma'ajiya 32. Na buɗe This PC, layin ma'ajiyar ya yi jawur, Windows kaɗai ya kusa cinye ta. Na danna Word, alamar jira ta yi ta juyawa har na ɗaga kai na amsa sallamar wani, na dawo ba ta gama ba. Da na fara rubutu, sai in buga kalma, haruffan su biyo baya kamar ana jan su. Yaron da ke koyon taifin ba zai gane ko shi ya yi kuskure ko na'urar ce ba ta amsa ba, zai sake dannawa, harafi ya fito biyu. Na rufe ta na mayar.

N3060 ta fi ta kaɗan, amma da na buɗe Excel bidiyo na tafiya, layin furosesa a Task Manager ya manne a ɗari bisa ɗari ya ƙi saukowa. N4020 ta yi abin da aka sa ta ba gunaguni, muddin abu ɗaya ko biyu ne a buɗe. N4120 da N5030 su ne na ga ana iya buɗe duka huɗun a tare, a yi ta tsalle tsakaninsu, ba tare da an ji ana roƙon na'ura ba. Tsakanin su biyun ban ji wani bambancin da zai sa in biya ƙarin kuɗin sunan Pentium ba.

A wajen gwajin ne kuma na fahimci cewa rabin abin da ake zagin Celeron a kai ba laifinsa ba ne, laifin ma'ajiya ne. Yawancin masu arhar nan eMMC ke cikinsu, wadda 'yar'uwar katin memori ce da aka liƙe a jikin bod. Ba ta da saurin ma'ajiyar da ake kira SSD, ba a cire ta, ba a ƙara ta, in ta mutu kuma sai dai a yi haƙuri. Na samu guda biyu masu furosesa iri ɗaya, N4020, ɗaya da eMMC 64, ɗaya da SSD 128. Tun daga kunnawa ka ga bambanci. Saboda haka na ƙara sharaɗi: sai wadda ke da SSD da ake iya kwancewa. Ram kuwa kusan duk a liƙe yake a irin waɗannan, abin da ka saya shi ke nan har abada, don haka ƙasa da 4 ban ma tsaya kallo ba.

Sauran na gefe ban daɗe a kansu ba. AMD A4-9120e wat 6 ne shi ma, amma tsohon gini ne, a gwajina bai kamo N4000 ba. Core m3-7Y30 abin sha'awa ne, ɗan gidan Core ne da aka matse zuwa wat huɗu da rabi, ba fanka, yana da zafin nama wajen buɗe abu. Sai dai tsada, ga jiki marar ƙwari, ga shi zubi na bakwai. Chromebook, wato laftof masu aiki da manhajar Google maimakon Windows, suna nan jibge, masu kyau da arha. Masu furosesan MediaTek ba sa ɗaukar Windows sam, masu Intel kuma da aka yi wa dabara aka sa musu, na ga wadda sauti ba ya fita, na ga wadda maɓallan sama ba sa yin abin da aka zana a kansu. Ga yaron da zai yi aiki a intanet kawai Chromebook ba ta da laifi, mu kuwa ajinmu ba intanet kullum.

Wadda ta so ta ja ra'ayina ita ce tsohuwar i5-6300U, ta ma'aikatan ofis, mai inci 12 da rabi. Gaskiya ta fi su duka kuzari a abu ɗaya-ɗaya, ana ƙara mata ram, kibod ɗinta daɗin bugu. Amma da na ɗaga ta na kara kunne, fankarta na kuka, iskar da ke fita ta gefe da ɗumi, ragar kuma ta toshe da ƙura. Wannan ya tuna mini abin da ke jiranmu. Ajin ba silin mai kauri, a watan Maris da Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina. Masu wat 6 galibinsu ba fanka, farantin ƙarfe ne kawai ke kwashe zafin, babu abin da zai toshe, babu abin da zai yi ƙara. Illarsu ita ce in zafi ya yi yawa suna rage gudu da kansu, shi ya sa ba a ɗora su a kan darduma ko katifa. Na fi yarda da wannan a kan fankoki goma da za a riƙa kwancewa ana hurewa.

Akwai kuma wadda na so ƙwarai amma aljihu ya hana. Daga 2023 Intel ya ajiye sunan Celeron da Pentium a laftof, ya koma cewa Intel Processor kawai, sai ga N100. Jinin gidan Atom ne shi ma, kai huɗu, wat 6, yana kaiwa 3.4 GHz, amma tsallen da ya yi babba ne, har yana kamo tsofaffin Core i5 na laftof na zubi na shida da na bakwai, ya ma wuce su in aikin na kawuna da yawa ne. Wanda zai saya wa kansa guda ɗaya kuma yana da hali, ita zan nuna masa. Mu da ke neman goma, kuɗinmu ba za su kawo ko rabi ba.

Maganar wat ɗin nan sai da na je wajen mai haɗa mana sola kafin ta zauna mini. Na ce masa, "Injiniya, wat 6 sau goma ai 60 ke nan, ko fanka ɗaya ta sama ta kai haka." Ya yi dariya ya ce ba haka ake lissafin ba. Wat 6 ɗin awon zafin da furosesa kaɗai ke fitarwa ne, wanda masu ƙera laftof ke dubawa su san irin sanyayawar da za su yi masa. Bai haɗa da sikirin ba, bai haɗa da cajin batir ba. Ya ce in juya caja in karanta. Yawancinsu wat 45 aka rubuta. Ya ara mini ɗan mitan da ake sokawa a soket, na gwada da wata da na karɓo aro. In batir ya cika ana aiki kawai, abin da take ja bai taka kara ya karya ba, ɗan sama da wat goma. In kuwa batir ya yi ƙasa aka jona, sai ta haura sosai ta nufi abin da aka rubuta a caja. Ashe lissafin da inbata za ta fuskanta a mafi munin hali 45 sau goma ne, wat 450 a lokaci guda. Daga nan muka tsara cewa caji da rana tsaka za a riƙa yi, lokacin da fanel ke kawo wuta sosai, biyar-biyar, ajin yamma kuma a yi shi a kan batiran laftof ɗin.

Na kai wa shugaban makaranta bayani bayan sallar isha'i. Na fara jero masa lambobi, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bar ni da N-N ɗin nan. Wacce ce ba za ta ba mu kunya a gaban mai tallafi ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, mai kai huɗu ta 2019, ram 4, da SSD. Ta malami kuma Core i5 zubi na takwas." Na zaɓi zubi na takwas ne don daga i5-8250U aka koma kai huɗu a wat 15 ɗin nan dai, kuma Windows 11 ya san da shi. Ya ce Allah ya sa albarka, ma'aji ya ba ni kuɗi.

Ranar saye ita ce mafi gajiya, don furosesa mai kyau a cikin gangar jiki marar lafiya ba shi da amfani. Kowace guda sai na buɗe Notepad na bi maɓallai kaf, na murɗa murfi in ji ko maƙallansa sun saki, na soka filashi a kowace kafa. Batir kuwa ban yarda da "yana kai awa shida" na baki ba. Akwai umarnin da ake bugawa a Command Prompt, powercfg /batteryreport, ya fitar da takarda mai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu. Duk wadda ta zube ƙasa sosai na ture ta gefe. Sai abu na ƙarshe da wani mai gyara ya raɗa mini: kwamfutocin da suka fito daga makarantun waje wasu suna nan a ɗaure da rajistar makarantar. Lafiya lau za ka gan su, ranar da aka sake musu Windows aka haɗa da intanet sai su tsaya suna neman a shiga da adireshin wata makaranta a Amurka. Wasu kuma BIOS ɗinsu, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, na da kalmar sirri. Na duba BIOS ɗin kowace a wurin, na kuma sa mai shagon ya rubuta a rasit cewa duk wadda ta nuna wancan kulle zai canza ta. Ya ɗan ja, ya ce, "Haba Malam, ba a yarda da mu ba ne?" Na ce yarda ce ta sa na dawo wajensa, amma kuɗin jama'a ne. Ya rubuta.

Masu kai huɗu ba su cika goma ba a shagonsa da na maƙwabcinsa. Bakwai muka samu, N4120 da N5030 a gauraye, muka cike ukun da N4020 masu SSD, aka rage mana wani abu a kansu bayan na nuna masa a Task Manager cewa kawunan biyu ne. Ina jin ranar ya fara kallon wannan layin da idon ciniki, don kafin in bar shagon na ji yana gaya wa wani mai saye cewa wannan "Celeron mai kai huɗu ce", ya kuma ɗora mata kuɗi.

A aji, wajen taifin da gwajin JAMB ba ka bambance su. Inda ukun nan ke nuna kansu shi ne in Windows ya fara sabunta kansa a ɓoye, ko Defender ya tashi binciken ƙwayar cuta. Mai kai huɗu takan ba shi kai ɗaya ko biyu ta ci gaba da aiki, mai kai biyu kuwa sai ta tsaya cak kamar an riƙe ta. Yaran ba su san N4020 ba, amma cikin 'yan kwanaki suka gane waɗanda ke "tunani", suka fara rige-rigen guje musu. Dole muka liƙa wa kowace lamba a murfi, aka raba su bisa rajista. Na kuma hana su intanet a ranakun karatu gaba ɗaya. Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makaranta nake shiga da wayata in kunna musu hotspot, su sha sabuntawarsu su gama, in fara da ukun nan tunda su suka fi daɗewa.